Kwano na Takwas

Ƙwayar masara ɗari uku Shamsiyya ta jera a kan faifai, kowace ƙwaya mutum guda. Ta yi musu layi goma-goma, ta tsince arba'in masu ƙiba ta ware su gefe, su ne manyan baƙin da za su zauna a kujerun gaba. Tun da gari ya waye ranar Alhamis take wannan aiki, ta jera ta watsa, ta sake jerawa, kamar masarar za ta gaji ta faɗa mata wani abu dabam. Can a turkensa, ƙarƙashin darbejiya, Kyalla na tsaye yana tuƙa, yana korar ƙuda da wutsiya.

Kyalla shi ne san huɗa na ƙarshe da ya rage wa mijinta, Mudi. Ɗayan san, abokin garmarsa, ya riga ya tafi kasuwa mako uku da suka wuce, washegarin ranar da aka zo da labarin cewa rami ya rufta da Mudi a wurin haƙar kuza a Riruwai, inda yake zuwa cin rani. An zaƙulo shi da rai, amma ƙafarsa ta dama ta farfashe daga gwiwa zuwa idon sawu. Kuɗin san farko ne ya kai shi asibiti a Kano, ya sayi jini da allurai, ya ƙare ƙarƙaf. Yanzu likita ya yi magana ba ɓoye-ɓoye: ko a kawo kuɗin aikin saka ƙarfe ranar Litinin, ko a yanke ƙafar kafin ruɓa ta hau sama. Mutumin da a bayan garma yake samun abin kai wa baki, shi ake cewa za a sallamo da ƙafa ɗaya.

Dillalai sun zo sun taya Kyalla, abin da suka taya bai kai sulusin abin da asibiti ke nema ba. A nan ne Malam Uzairu ya shigo maganar. Shi ne shugaban firamaren ƙauyensu, Rafin Marke, mutumin kirki, sai dai Allah ya jarabce shi da son lasifika.

"Kada ki sayar, ki yanka," in ji shi, yana tsaye a zaure, ita tana daga ciki. "Mu kafa gidauniya ranar Asabar a filin makaranta. Na san mutane a Tudun Wada, na san na Kiru, har na cikin Kano na sani. Babban mutum idan ya ji an kayar da sa dominsa, aka ajiye masa ƙunshin nama a gabansa, kunya kaɗai za ta sa hannunsa ya tafi aljihu."

Shamsiyya ba sakarya ba ce. Ta san caca ce. Amma sulusi ba ya ɗaure ƙafa, kuma ba wanda ya zo mata da wata dabarar da ta fi wannan. Ta ce to. Malam Uzairu ya hau babur ya bugo katin gayyata ɗari uku masu ruwan zinare a gefe, ya raba su cikin kwana biyu. Kowane kati an rubuta a ƙasansa cewa akwai walima.

Da hantsi Ɗanmaraya ya iso daga Kwanar Dangora, wuƙaƙensa a cikin buhu, ragar gashi a ɗaure a bayan babur. Tsohon mahauci ne, abokin mahaifin Mudi tun suna samari. Ya ce ba zai karɓi ko sisi ba, kai da ƙafa da fata sun ishe shi, kamar yadda aka saba. Tunda ba wutar lantarki balle firji, kuma bazara ce, shawararsa ita ce a yi banda: a kyafe naman a kan wuta mai sanyi har ya tsotse, ya iya kai Asabar lafiya.

Bayan sun gaisa, ya tambayi mai jiki, ta ajiye masa faifan a gabansa. Ya daɗe yana kallon masarar.

"Matar Mudi, wa ya yi miki wannan lissafi?"

"Ni na yi, Baba. Watandar da aka yi da ƙaramar Salla, san bai kai Kyalla ba, amma tsibi sittin aka fitar. Kowane tsibi a raba shi biyar, ɗari uku ke nan."

Ɗanmaraya ya cire hularsa ya sosa kai, ya mayar.

"'Yar nan, watanda ɗanyen nama ce. Ana zuba ƙashi, a zuba tumbi da huhu da kitse, tsibi ya yi tozo. Banda kuwa tsoka zalla take so. Sannan wuta tana da nata kason, kuma ba ta yafewa. Abin da kika ɗora mata yau, rabinsa za ta miƙo miki gobe."

"Kayan cikin fa?"

"Malaminku ya tare ni a hanya. Ya ce kayan ciki da ƙashi na farfesun manyan baƙi ne."

"To nawa zai yi?"

Ya tashi ya je wurin san, ya shafa haƙarƙarinsa, ya matsa cinyarsa. Rani ya ci Kyalla, ba wanda ya lura sai yanzu da ake auna shi da ido irin na mahauta.

"Ƙunshin da zan iya miƙa wa mutum in dube shi ido da ido, ɗari da tamanin. Idan an fitar da na maƙwabta, ɗari da ashirin."

Sai da ya faɗa sannan ta tuna. Ba ta sa maƙwabta a kan faifai ba. A Rafin Marke gida talatin da ɗaya ne ban da nata, kuma tun kafin a haife ta, duk gidan da aka kayar da sa, kowane gida sai an kai masa kwanonsa na ɗanyen nama kafin a ɗora tukunya. Ba a tambaya, ba a roƙo, kai wa kawai ake yi. Ta dubi masarar. Fiye da rabin mutanen da ke kan faifan nan za su zo da kati a hannu su tashi da yawu a baki, kuma wanda ya ga an ba na kusa da shi an tsallake shi, ba zai ba da ko ficika ba.

Liman ya zo ya yi yanka. Ita dai ta shige ɗaki ta toshe kunnuwa da yatsu, duk da haka sai da ta ji faɗuwar san a ƙafafunta, ta ƙasa. Wuya ya tafi gidan liman, wannan ba mai iya hanawa. Don kada ta tsaya ta ga ana fiɗa, ta ɗauki ƙuli-ƙuli da citta da masoro da barkono ta tafi injin niƙa da kanta.

Da ta dawo ta tarar an shimfiɗa buhuna a tsakar gida, nama ja wur a kai, Nusaiba na durƙushe a gabansa. Nusaiba yayar Mudi ce, a Doguwa take aure, ta zo tun farkon lalurar ba ta koma ba. Ta sauko da kwanonin jeren Shamsiyya na aure, waɗanda ba a taɓa su sai ranar suna, ta jera su a ƙasa. Ɗaya na hannunta cike da tsoka, mai shuɗin fure, ɗan bakinsa a ɓalle.

"Yaya, me nake gani?"

"Abin da aka saba. Na kai bakwai, na gama da layin masallaci. Wannan na Iya Salamatu ne."

"Bakwai?"

Ba ta yi niyyar lissafawa ba, kanta ne ya yi da kansa. Kwano ɗaya ƙunshi biyu. Mutum goma sha huɗu sun fita daga faifai tana can tana jiran layin inji.

"Yaya, don girman Allah ki ajiye. Wallahi ba ni da shi."

"Ba ki da me? Sa guda kwance a gabanki?"

"Ba nawa ba ne. Na masu kati ne."

"Masu kati ne suka yi mana gayya bara da ya kwanta da shawara? Shamsiyya, a garin nan aka yanke mini cibiya. Ba a taɓa zubar da jini a gida ba, maƙwabci ya ji ƙauri ta kan katanga bai ga kwano ba. Kuma kin sani sarai, kwanon nan ba haka yake dawowa ba."

"Na sani!" Muryarta ta fita fiye da yadda ta so. "Zai dawo da daddawa uku da garin kuka. Daddawar zan kai wa likita? Ko da kukar zai ɗaure wa ƙaninki ƙafa?"

Katangar da ke tsakaninsu da gidan Iya Salamatu ba ta kai kafaɗa ba. Tun safe ake jin daka daga can, tim, tim, ba fashi. Daidai nan taɓaryar ta tsaya. Iya Salamatu ce ke yi wa duk Rafin Marke daddawa. Ita ce kuma ta karɓi haihuwar 'ya'yan Shamsiyya biyu, ta yi mata wankan jego kwana arba'in-arba'in, saboda uwar Shamsiyya ba ta raye.

Shamsiyya ta ji tsayuwar taɓaryar. Ta ji ta sarai. Amma ta riga ta miƙa hannu, ta karɓe kwanon daga hannun Nusaiba, ta juye naman a kan buhu. Ta kwashe kwanoni ashirin da huɗun da suka rage, ta kai su ɗaki, ta datse da kwaɗo, ta ɗaure makullin a bakin zaninta. Nusaiba ta wanke hannu, ta koma gindin turmi ta zauna, daga ranar ba ta sake taɓa naman ba.

A kangon da ke jikin gidan Ɗanmaraya ya haƙa rami mai tsawon mutum, ya cika shi da itacen ƙirya, ya bari ya cinye ya zama garwashi, sannan ya ɗora raga. Ya fere tsokar falle-falle, ya shafe ta da gishiri da mai, ya shimfiɗa, ya rufe da jiƙaƙƙiyar takardar buhun siminti don hayaƙi ya zauna a ciki. Ƙamshi ya tashi ya bi gari gida-gida. Wannan kam ba wanda ya iya sa masa kwaɗo.

Naman ya kwana a kan wuta. Da safiyar Juma'a Shamsiyya ta leƙa ta ga ragar da ta cika maƙil jiya yau ana hango garwashi ta tsakanin yanka da yanka. Kitse na ɗiga, yana cewa cau a kan wuta, kowane ɗigo sai ta ji shi a ƙirjinta.

"Baba, ka sauke haka. Ya isa."

"Bai isa ba."

"Ƙanƙancewa yake yi, kana gani."

"Ina gani. Idan na sauke shi yanzu, a zafin nan, kafin gobe da rana ya yi yami. So kike manyan baƙinki su koma gida suna zarya da buta?"

"To ka rage wutar."

"Wutar da ta fi wannan sanyi sai dai toka." Ya juya wani yanka da tsinken ƙarfe, ya dube ta. "Je ki ci wani abu, 'yar nan. Tun jiya ban ga kin kai hannu baki ba."

Ba ta tafi ba. Ta tsuguna a inuwar katanga tana kallon ragar, tana jin haushin wuta, tana jin haushin Ɗanmaraya da gaskiyarsa, tana jin haushin kanta da watandarta. A nan wayarta ta same ta bayan an sauko daga masallaci. Ƙanen Mudi ne, mai jinyarsa, ya ce ga shi zai yi magana.

Muryar Mudi ta fito siririya, kamar ta wanda ya tsufa cikin mako uku. Ya tambayi yara. Ya tambayi Yaya Nusaiba. Sannan ya ce, "Kyalla fa? Kina ba shi dusa? Kada ki bari ya rame, ruwa ya kusa sauka. In Allah ya tashe ni zan nemi wanda za mu haɗa garma da shi."

Ba wanda ya gaya masa. Sun yi shawara a bari sai an yi aikin.

"Ina ba shi," in ji ta.

"Muryarki ta shaƙe."

"Hayaƙi ne. Girki nake."

Da ta kashe wayar ta kifa kai a gwiwa ta yi kukan da take ta dannewa tun ranar Alhamis. Ɗanmaraya ya ba ta baya, ya shiga gyaran garwashin da ba ya bukatar gyara.

Ranar Asabar da sassafe aka yi ƙunshi. Naman ya yi baƙi-baƙi, ya yi sheƙi har yana ɗaukar ido, amma duk Kyalla a daro biyu ya tsaya. Shamsiyya ta zauna da faifanta, ita ke faɗa, Ɗanmaraya na yankawa. Na kujerun gaba yanka goma sha biyu-biyu, ƙunshi arba'in. Na sauran jama'a ta ce bakwai, ta duba daro ta ce shida, ta sake dubawa ta ce biyar.

"Shekara talatin da biyar ina Kwanar Dangora," in ji Ɗanmaraya, "ban taɓa miƙa wa ko yaron mota yanka biyar ba."

"Ka cika albasa, Baba. Ka baɗe da yaji."

Ya cika albasa, ya baɗe da yaji, ya naɗe takarda ninki biyu don ƙunshin ya yi auki a hannu. Da aka kankare gindin daro, ƙunshi ɗari biyu da talatin aka samu. Shamsiyya ta tsince ƙwaya saba'in daga faifai ta riƙe su a tafin hannu, ba ta san inda za ta sa su ba. Ta rufe ido ta roƙi Allah, da zuciya ɗaya, ya hana mutum saba'in zuwa.

An kafa rumfa biyu a filin makaranta, an jera kujerun roba, na gaba an lulluɓe su da farin yadi. Ƙarfe biyu aka sa a kati. Tun ɗaya da rabi Malam Uzairu ke gwada lasifika, yana yi wa kujeru barka da zuwa. Shamsiyya ta zauna can baya cikin hijabi, kusa da darukan. Nusaiba ta ce ita kanta ke ciwo, ta zauna a gida.

Biyu ta yi, uku ta yi. Malaman makarantun kusa suka zo, da wasu 'yan kasuwa daga Tudun Wada, da samari masu babura da suka ji labarin walima. Duk motar da ta taso da ƙura daga titi sai Shamsiyya ta miƙe tsaye, sai ta ga ta wuce. Mazan Rafin Marke, da ba a ba kowa kati a cikinsu ba, sun taru a gindin tsamiya daga nesa suna kallo. Da aka kira la'asar suka tafi masallaci, ba su dawo ba. Matan garin kuwa ko ɗaya ba ta leƙo ba.

A kujeru arba'in na gaba, mutum shida ne suka zauna. Babban mai ƙaddamarwa, wani attajiri da Malam Uzairu ya rantse sun yi makaranta tare, ya aiko direbansa da gaisuwa, da cewa za a ji daga gare shi. Wani yana ɗaurin aure a Zariya. Wani wayarsa a kashe. Duk taron bai kai mutum casa'in ba. An ci farfesu, an yaba wa banda, wasu sun sa ƙunshi na biyu a aljihu. Malam Uzairu ya yi ta shelar alkawura, ana tafi, muryarsa na dishewa. Addu'arta ta safe ta yi ta dawo mata a kunne, har ta rasa inda za ta sa kanta.

Da aka watse ya zo inda take, jakar leda a hannunsa, idonsa a ƙasa.

"Alkawura suna da yawa, wallahi. Zuwa ƙarshen wata, in sha Allahu..."

"Jibi ne Litinin, Malam."

"Na sani. Ki yafe mini. Na ɗauka na san mutane."

Ta karɓi jakar. Ba sai ta ƙirga sau biyu ba. Abin da ke ciki bai kai rabin abin da dillalai suka taya Kyalla ba. Ta so ta yi masa ihu, ta ga shi ma kamar a taɓa shi ya fashe da kuka, sai ta ce ya sha ruwa, muryarsa ta tafi. Ƙunshi sama da ɗari ya rage, har da manya talatin da huɗu da ba wanda ya kwance. Ɗanmaraya ya ɗaure daro ɗaya a babur, ita ta ɗora ɗayan a ka. Ta ratsa gari da shi rana na shirin faɗuwa, ƙamshi na bin ta, duk ƙofar da ta wuce sai ta ji hira ta ɗauke.

A tsakar gida ta tarar da Nusaiba zaune a tabarma. A gabanta kwanoni bakwai ne a jere, kowanne da murfinsa.

"Kina fita suka fara zuwa," in ji Nusaiba. "Ban buɗe ba. Naki ne."

Shamsiyya ta sauke daro, ta durƙusa, ta ɗaga murfin farko. Daddawa uku. Wata dariya mai ɗaci ta taso mata har maƙogwaro. Ta ɗaga daddawar don ta ajiye gefe, sai ta ga ƙullin tsumma a ƙarƙashi. Ta kwance. Kuɗi ne, tsofaffin takardu da suka yi laushi, masu warin hayaƙin ɗaki, irin waɗanda ake fasa asusu a fito da su. Na biyu garin kuka ne a sama, ƙulli a ƙasa. Na uku 'yan kunne ne na zinare, ta gane su, ta sha ganinsu a kunnen matar liman ranar Salla. Na huɗu babu komai a ciki sai guntuwar igiya.

"Dubi turke," in ji Nusaiba.

A inda Kyalla ke tsayawa, wata jar akuya mai ciki na ɗaure, tana cin ragowar dusarsa. Nusaiba ta nuna kwano na gaba.

"Masu na biyar sun ce buhun shinkafa biyu na zaurensu, gobe a turo a ɗauka. Tun ranar da aka ce za a kayar da sa mutanen nan ke shiri. Kwanon suke jira. Ba za su shigo miki da kuɗi a hannu tsirara ba kamar kin fita bara."

Shamsiyya ta buɗe na shida da na bakwai a hankali. Ta dubi abin da ke kan tabarma, ta dubi jakar ledar Malam Uzairu. Gida bakwai sun fi filin makaranta da rumfunansa. Duka biyun a haɗe ba su kai rabin hanya ba. Wannan karon ba ta nemi faifai ba, hannunta ne ya tafi bakin zaninta da kansa, inda makullin yake.

"Bakwai ne suka fita," in ji Nusaiba.

Ranar Lahadi, rana ba ta gama fitowa ba Shamsiyya ta buɗe kwaɗon. Ta fito da kwanoni ashirin da huɗu ta wanke su ɗaya bayan ɗaya, ko da yake, ban da ɗaya, ba abin da ya taɓa su. Ta kwance manyan ƙunshin na kujerun gaba, ta kakkaɓe albasar da ta kwana ta yi laushi, ta shiga zubawa. Naman lafiyarsa ƙalau, Ɗanmaraya ya san aikinsa. Yanzu da ba ta ƙirga yanka, kowane kwano sai da ya yi tozo.

"In raka ki?" in ji Nusaiba.

"A'a, Yaya. Ni na juye, ni zan kai."

Ta ɗauki mai shuɗin furen, mai ɓallen baki. Daga ƙofarta zuwa ta Iya Salamatu taku goma ne, ta yi shekara tara tana yinsa ba ta taɓa sanin yana da nisa ba. Ta yi sallama sau biyu kafin a amsa.

Tsohuwar na zaune a kan buzu tana tsince kalwa a faifai. Shamsiyya ta cire takalmi, ta durƙusa har ƙasa, ta gaishe ta da kwana. Iya Salamatu ta amsa gaisuwar duka, ba ta rage ko ɗaya ba, ta tambayi mai jiki, ta tambayi yara da sunayensu. Shamsiyya ta tura kwanon gabanta da hannu biyu.

Iya ta ɗaga murfin, ta daɗe tana kallon baƙin naman.

"Na yanka ne, ko ragowar taro?"

Ƙarya ta zo wa Shamsiyya har bakin leɓe. Amma wa za ta yi wa? Matar da ta san kowane tabo a jikinta?

"Ragowa ce, Iya."

"To." Ta ɗauki yanka ɗaya, ta juya shi, ta danna da babban yatsa. "Ɗanye na saba karɓa, in dafa shi ya yi lugub. Wannan sai mai haƙori. Kwana uku ina shaƙar ƙamshinsa ta kan katanga, har na ƙoshi."

"Iya, na yi kuskure. Bakina ne..."

"Na ji bakin naki. Kusa nake."

Kaza ta zo ta leƙa kwanon, Iya ta kore ta da bayan hannu. Shamsiyya ta kasa ɗaga kai. Hawaye na ɗiga a kan gwiwarta, ba ta share ba.

"Gobe Litinin, Iya."

"Na san ranar da take. Ni na karɓi haihuwarsa shi ma, da ƙafafunsa biyu."

Ta mayar da yankan, ta rufe, ta jawo kwanon gefen cinyarta. Shamsiyya ta zauna tana jira a juye a ba ta abinta, ko a ce ta ɗauke kayanta ta fita. Tsohuwar ta ci gaba da tsince kalwa, ɗaya, biyu, uku, kamar ba kowa a gabanta.

"Me kike jira?" ta ce daga baya, ba tare da ta ɗago ba. "Rana na yi, kina da gida ashirin da uku. Ki bar kwanon."

Shamsiyya ta fito hannu wofi. Tana shiga tsakar gidanta ta ji ƙarar murfi daga bayan katanga, ko na akwatin ƙarfe ne, ko na tukunya, ba ta iya tantancewa ba. Nusaiba ta dube ta da tambaya a ido. Shamsiyya ta gyara hijabinta, ta sunkuya, ta ɗauki na tara.